Na je koyon kiwon shanu a Hokkaido, na dawo da labarin malamin dajin da ya yi wa Godzilla kiɗa

Tun kafin in bar gida autana ya kafa min sharaɗi, wai Baba tunda Japan zaka je to lallai ka ɗauko min hoton Godzilla. Nace masa in Allah ya yarda. Abin da ya kai ni dai daban ne, kwas ne na kiwon shanun madara a wani gari da ake kira Obihiro, can tsibirin Hokkaido a arewacin ƙasar, inda JICA, hukumar gwamnatin Japan mai taimakon ƙasashe masu tasowa, take da cibiya tana karɓar ma'aikatan gona da malaman dabbobi daga ƙasashe irin namu. Daga Abuja muka bi ta Adis Ababa, muka ɗan yada zango a Koriya, sai Tokiyo, washegari kuma wani jirgin na kamar awa ɗaya da rabi ya sauke mu Obihiro. Suna gaba da mu da awa takwas, don haka satin farko idan na idar da sallar asuba na kira gida sai in tarar ko kwanciya ba su yi ba.

Yankin sunansa Tokachi, fili ne shimfiɗaɗɗe iya ganinka, gonakin wake da alkama da dankali da wani tushe da suke yin sukari da shi, ga shanu baƙi da fari ko'ina. Kaka ce lokacin, sanyin safiya har cikin ƙashi. Abincin da garin ya yi suna da shi shinkafa ce da naman alade a sama, saboda haka ni da wani ɗan'uwa da ya zo daga Maraɗi, wanda nake ce wa Alhaji, kifi da ƙwai da madara muka riƙe har muka gama, kuma gaskiya madararsu ba a magana.

Yadda aka yi sunan Akira Ifukube ya shigo cikin tafiyar nan kuwa, wani dare ne muna zaune a falon masauki talabijin na kunne a tashar NHK, kawai sai wata ƙararrawa ta katse shirin, tirin-tirin, tirin-tirin, taswira ta fito da rubutu. Sautin ba wani ƙarfi gare shi ba amma wallahi sai da tsikar jikina ta tashi, duk wanda ke falon ya yi tsit. Gargaɗin girgizar ƙasa ne, a wani yanki nesa da mu, mu ko motsi bamu ji ba. Da safe na ba matar da ke mana tafinta labari, dattijuwa ce mai natsuwa, Sensei muke ce mata kamar yadda suke kiran malami. Tace wannan ƙararrawar wani farfesa ne ya tsara ta mai suna Tohru Ifukube, kuma daga cikin wani kiɗan baffansa ya ɗauko tushenta, baffan nan shine ya yi kiɗan fim ɗin Godzilla, kuma a nan tsallaken kogi ya yi yarintarsa, garin Otofuke. Nace Sensei wane Godzilla, wannan dai da muka sani? Tace shi fa.

Nan take na tuna gidan kallon unguwarmu zamanin kaset, muna kan benci an cika maƙil, dodo ya fito daga teku yana taka gidaje, ga wani kiɗa mai nauyi yana dukan ƙirji, dan-dan-dan, dan-dan-dan. Ban taɓa kawowa a raina cewa wani mutum ne mai suna da iyaye da garinsu ya zauna ya rubuta shi ba.

Ranar Asabar na ja Alhaji muka hau bas muka haye kogin Tokachi. Otofuke gari ne na manoma, shiru, tituna fes. A cikin laburaren garin suka ware ɗaki guda da sunansa, akwai hotunansa tun yana yaro, da takardun kiɗa, da faya-fayai. Na daɗe tsaye gaban takardun nan duk da ban iya karanta su ba, layi-layi da ɗige-ɗige a jere tsaf kamar rubutun mai zayyana wanda baya son ko ɗigon tawada ya fita daga gurbinsa. Sensei ta biyo mu don Allah ranar hutunta, ita ta riƙa karanta mana bayanan.

An haife shi ranar 31 ga Mayu 1914 a Kushiro, garin masunta da ke bakin teku gabas da nan. Mahaifinsa ɗan sanda ne, asalin gidansu kuma daga Tottori yake, inda kakanninsa suka yi ɗaruruwan shekaru suna gadon kula da wani wurin bauta na addinin Shinto. Yana da shekara tara aka naɗa uban shugabancin ƙauyen Otofuke, kamar dai a ce dagaci, suka dawo nan. To a nan ne ya haɗu da Ainu.

Ainu sune asalin mutanen Hokkaido tun kafin gwamnatin Japan ta mamaye tsibirin ta cika shi da baƙi manoma. Harshensu daban, al'adarsu daban. An ƙwace musu filaye, an takura musu a farauta da kamun kifin da suka gada, an tura 'ya'yansu makarantun da ba a jin harshensu, har doka aka yi musu a 1899 wadda sunanta kaɗai cin fuska ne, ba a soke ta ba sai 1997, kuma sai 2019 doka ta amince a rubuce cewa su 'yan asalin ƙasa ne. Kaga kenan a lokacin da Ifukube yake yaro ba mutane ne da ake ɗaukar waƙarsu a bakin komai ba. Shi kuma ɗan shugaban gari sai ya riƙa shiga cikinsu, yana kallon rawarsu yana jin waƙarsu, kuma har ya tsufa yana faɗin abin da ya gani: mutane ne da waƙa da rawa da magana duk a haɗe suke a wurinsu, abu in ya faru nan take wani zai ƙago masa waƙa, ba takarda ba makaranta. Da Sensei ta fassara wannan Alhaji ya kalle ni na kalle shi, don mun san wannan rayuwar, ita ce ta matan da ke daka suna lugude suna waƙa, ita ce ta makaɗan noma a bayan 'yan gayya.

Abin da ya fi kama ni shine ba makarantar kiɗa ya yi ba sam. A Sapporo ya yi sakandare, shi ya koya wa kansa gogen turawa, yana ɗan shekara 14 ya ji wani kiɗa na Stravinsky ɗan Rasha mai bugu da tsalle kamar na rawar ƙauye, daga nan ya ƙudurta shi ma zai rubuta. Amma da ya shiga jami'ar Hokkaido ilimin gandun daji ya karanta, ya gama a 1935, aka tura shi aiki wani gari da ake kira Akkeshi. Malamin daji ne cikakke, mai auna itace da zagayen gandu, irin abokan aikinmu da muke haɗuwa da su a sakatariya. Ni malamin dabbobi da naji haka sai naji kamar ɗan ofishinmu ake ba ni labari, nace wa Alhaji ko ta halin ƙaƙa sai na je na ga Akkeshin nan.

Sai da muka samu hutun kwana uku sannan muka ɗau hanya. Mun fara da tafkin Akan, inda akwai unguwar Ainu mai shagunan sassaƙa da gidan wasa da suke nuna rawarsu ta gargajiya, wadda UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2009. Na san wasa ne da aka shirya don baƙi, amma duk da haka ya shige ni. Mata suka zauna suka kewaye wani murfin akushi suna bugunsa da tafin hannu, ɗaya ta ɗauko baiti gajere, kafin ta dire ta kusa da ita ta ɗauka, ta ukun ma haka, baitin nan guda yana zagayawa yana hawa kan kansa har ka rasa inda ya fara. Upopo suke kiransa. Wallahi da na rufe ido sai in ce kiɗan ƙwarya ake a cikin gida ranar suna. Daga nan wata ta fito da ɗan siririn gora mai zare, ta kafa shi a baki tana fizgar zaren, sauti na fita biyon-biyon yana canzawa da yadda take buɗe baki. Alhaji ya dafa ni da ƙarfi yace "Malam, wanga ai bambaro na! Muna yara mun busa shi wurin kiwo." Su mukkuri suke ce masa. Da aka tashi sai da ya sayi guda uku.

A nan na gane daga inda nauyin kiɗan Ifukube ya fito. Salonsa kenan, ya ɗauki 'yar gajeriyar jimla ya yi ta maimaita ta, yana ƙara mata kaya yana ƙara ganguna, kamar 'yan amshi da suka riƙe baiti ɗaya har sai ya zauna maka a ƙirji. Kiɗan nan da aka ciro ƙararrawar girgizar ƙasa daga cikinsa sunansa Sinfonia Tapkaara, ya rubuta shi a 1954, kuma tapkar a harshen Ainu rawa ce da dattijo ke yi yana buga ƙafa a ƙasa. Akwai masana a Tokiyo da suka riƙa ganin salon nasa ya tsufa, lokacin kowa na rububin sabon yayin Turai, shi kuwa bai saki nasa ba. Ni dai ban san kiɗan turawa ba balle in yi alƙalanci, amma mutumin da aka ce masa kayan garinku ƙauyanci ne ya ƙi ajiyewa, ina ganin girmansa.

Daga Akan bas ya kai mu Kushiro, muka kwana. Gari ne mai warin kifi da kukan tsuntsayen teku, da yamma mutane na taruwa kan gadar Nusamai suna kallon faɗuwar rana. A bayan garin akwai wata makekiyar fadama, mafi girma a Japan, inda wasu tsuntsaye 'yan'uwan gauraka suke zama, farare masu jan tabo a ka. Ita ma Ifukube ya yi mata kiɗa a 1993, yana dab da shekara tamanin.

Da safe muka hau wani ɗan jirgin ƙasa mai tarago ɗaya zuwa Akkeshi, tafiyar bata kai awa ba. Daji ne da fadama hagu da dama, direba na ta danna oda saboda barewa da ke tsallaka layin dogo, mun ga sun fi biyar da idonmu. Akkeshi ɗan ƙaramin gari ne a bakin ruwa, da wata jar gada, sana'arsu kiwon wani abin ruwa mai ɓawo irin ƙumba da suke gasawa a kan garwashi. Ba wani abin kallo na Ifukube da muka nema a can, ni dai so nake in tsaya in ga wurin. Muka hau wani tudu, iska mai sanyi na kaɗawa daga teku, daji baƙi ƙirin a bayanmu. Wannan fa yanzu kenan da akwai kwalta da lantarki da waya, to ina ga 1935. Saurayi ɗan shekara 21, ya wuni cikin itatuwa, ya dawo da dare ya buɗe takarda yana rubuta wa makaɗa sittin ko saba'in abin da kowannensu zai buga, alhali ko ɗaya daga cikinsu babu a kusa da shi, duk a cikin kansa yake jin su.

A shekarar nan ce kiɗansa mai suna Japanese Rhapsody ya zo na ɗaya a wata gasa da aka yi alƙalancinta a birnin Faris, wadda Alexander Tcherepnin ɗan Rasha ya shirya don matasan Japan. A 1936 aka fara buga shi a Boston ta Amurka, shi mai kiɗan yana nan yana aikin daji. Da Tcherepnin ya zo Japan ya ɗan koyar da shi na ɗan gajeren lokaci, kusan iyakar karatun kiɗan da ya yi a gaban malami kenan. Ifukuben nan daga baya shi ya rubuta littafin koyon tsara kiɗan babbar ƙungiya mai shafi wajen dubu, ya koyar a makarantar kiɗa ta Tokiyo daga 1946, ɗalibansa irin su Toshiro Mayuzumi da Yasushi Akutagawa suka zama manya, a 1976 kuma ya zama shugaban wata kwalejin kiɗa.

Tsakanin dajin da Tokiyo akwai yaƙi, kuma nan ne labarin ya yi ɗaci. Yayansa Isao ya rasu a 1942 sanadin aikin bincike da ya haɗa shi da sinadarai masu tururin nukiliya. Shi ma lokacin yaƙi aka sa shi binciken ƙarfin katako, yana aiki da na'urar eksire mai ɗaukar hoton ƙashi ba kariya, ana gama yaƙi ya kwanta ciwo har da aman jini, dole ya bar aikin daji. Yana da mata da 'ya'ya, ga ƙasa ta rushe, sai ya koma kusa da Tokiyo neman abin sawa a baka. Fim ɗinsa na farko a 1947 ne, kuma a fim ɗin ne shahararren ɗan wasan Japan Toshiro Mifune ya fara fitowa. Daga nan ya yi wa finafinai fiye da 250 kiɗa, ciki har da na yaran Hiroshima a 1952. Bangaren dandali ma bai bari ba, matarsa mai suna Ai 'yar rawa ce, ya rubuta wa masu rawar bale ta turawa da wasannin rawa kiɗa da dama, irin su Salome a 1948 da wani kan gangunan Japan a 1951. Sensei tace wanda ya saba rubuta wa ƙafar mai rawa kiɗa ba zai sha wahalar rubuta wa ƙafar dodo ba, kuma na yarda da ita.

Da kwas ya ƙare muna da kwana biyu a Tokiyo kafin jirginmu. Alhaji ya tafi sayayya, ni kuma Sensei ta rubuta min sunan wata tasha a takarda, Shin-Kiba, tace kafin ka je wurin dodon ɗanka ka fara zuwa nan. Wani lambu ne da ake kira Yumenoshima, da can juji ne, a ciki akwai wani gini mai tsini, shiga kyauta. Ina shiga sai ga jirgin ruwa na katako gabana, ya cika ɗakin, tsayinsa wajen mita talatin, fentinsa fari, katakon duk ya tsufa ya yi zane-zane. Sunansa Daigo Fukuryu Maru, jirgin masunta ne daga garin Yaizu. Ranar 1 ga Maris 1954 suna kamun kifi a tekun Pasifik Amurka ta gwada bam ɗin haidirojin a tsibiran Bikini, wata farar toka ta yi ta zubo musu har awanni, su 23 duk suka kamu da ciwo, mai kula da rediyon jirgin Aikichi Kuboyama ya rasu a watan Satumba yana da shekara 40. Bayan shekaru aka tsinci jirgin yashe a wannan jujin, mutanen gari suka tashi suka ce ba za a bar shi ya ruɓe ba, aka buɗe wurin a 1976. Ga tsuntsayen takarda masu launi da 'yan makaranta suka ninke an rataye su dami-dami a gefe. Na zagaya shi sau biyu a hankali, na tuna masuntan da na sani a bakin dam, masu fita da asuba neman na cefane.

Wata takwas bayan tokar nan, ranar 3 ga Nuwamba 1954, kamfanin Toho ya saki Godzilla, su Gojira suke cewa, Ishiro Honda ne darakta. Dodo ne da gwajin bam ya taso daga ƙarƙashin teku. Ashe abin da muke kallo muna ihu muna tafi a gidan kallo, su da hawaye suka kalle shi, shekara tara kacal bayan Hiroshima da Nagasaki da ƙonewar Tokiyo. Kuma wanda aka ba kiɗan mutum ne da irin wannan gubar ta kashe masa wa, ta kwantar da shi shi ma. A daren na nemo fim ɗin na asali baƙi da fari na kalla a waya, akwai wurin da aka nuna asibiti cike da raunatattu, 'yan mata 'yan makaranta sun jeru suna rera addu'ar zaman lafiya, kiɗan a hankali kamar ana rakiyar gawa. Sai da na ajiye wayar na ɗan jima kafin in ƙarasa.

Har kukan dodon ma Ifukube ne ya samo shi. An gwada muryoyin dabbobi ba wanda ya yi, sai ya kawo shawarar a ɗauko babban gogen nan na turawa da ya kai tsayin mutum, aka sassauta tsirkiyarsa, aka sa safar hannu ta fata da aka shafe da ƙaron itace aka ja a kanta, sannan aka rage gudun faifan. Wanda ya taɓa zama kusa da mai goge yana shafa wa izgarsa ƙaro kafin ya fara zai gane dabarar nan take, malamin daji kuma ai ba a koya masa halin ƙaro da katako. Ya ci gaba da yi wa dodon kiɗa lokaci-lokaci har 1995, fim ɗin da Godzilla ya mutu a cikinsa, shine kuma fim na ƙarshe da ya yi wa kiɗa. Ya rasu a Tokiyo ranar 8 ga Fabrairu 2006 yana da shekara 91.

Ranar ƙarshe da yamma na shiga unguwar Shinjuku don cika alkawari. Cunkoso kamar kasuwar Kwari ana gobe sallah, fitilu ko'ina, na bi wani titi sai ga kan dodon can saman ginin Toho, ya leƙo da haƙora da farce, tun 2015 aka kafa shi. Na tsaya cikin 'yan yawon buɗe ido kowa ya ɗaga waya. Ƙarfe shida daidai kiɗan ya tashi, dan-dan-dan, idanun suka kama wuta, hayaƙi ya fito daga bakin, sai kukan nan. Na kira gida ta bidiyo, lokacin ƙarfe goma na safe ne a can ranar Asabar, autan ya ƙwace wayar daga hannun mamansa yana tsalle yana Baba shine, wallahi shine! Nace ka ji kukan? Yace na ji. Nace to goge ne, in na dawo zan baka labarin mai shi. Yace Baba goge kuma? Nace goge, da safar hannu, kuma Alhaji ya bani bambaro guda in kawo maka.